Agogon da ke ƙirga bugun zuciya: wanne zan saya don rage ƙiba?

Tambaya: Malam, shekarata 40, nauyina ya ƙaru sosai, na fara tattaki da sassafe. Ina son na'urar da za ta riƙa nuna mini bugun zuciyata da yawan kalorin da na ƙona, wato ma'aunin ƙarfin abincin da jiki ya yi amfani da shi. Agogon hannu zan saya ko irin wanda ake ɗaurawa a ƙirji?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ai fara tattakin ma shi ne babban aikin. Na'urorin nan biyu kowace da yadda take aiki. Ɗamarar ƙirji, kamar Polar H10 ko ta Garmin, tana jin ɗan siginar lantarkin da zuciya ke fitarwa duk bugu ɗaya, kusan irin abin da ake aunawa a asibiti. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fito da irinta marar waya tun 1982, kuma har yau ita ce ta fi daidai. Ba ta da fuska, sai ta tura lamba zuwa wayarki ta Bluetooth, kuma dole a ɗan jiƙa ta kafin a ɗaura. Shi kuwa agogo, koren hasken nan da kike gani a bayansa yake haska fata da shi. Jini yana shanye koren haske, to da ƙaruwa da raguwar hasken da ke dawowa agogon yake gane bugu.

Ga mai tattaki irinki, agogo mai kyau ya isa. Inda yake rikicewa shi ne gudu mai tsanani, ɗaga ƙarfe, ko in ya yi sako-sako yana yawo a hannu. Ki ɗaura shi ya kama fata, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu sama da ƙashin wuyan hannu.

Maganar kalori ce nake so ki tsaya a kanta. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada na'urorin hannu bakwai a jikin mutum 60. Wajen bugun zuciya, shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma wajen kalori, wadda ta fi kowace ƙoƙari ta kauce da kashi 27, mafi muni kuma da kashi 93. Sun kuma lura kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata da masu jiki, abin da ya shafe mu kai tsaye. Dalili kuwa, agogo ba auna kalori yake ba, kirdado yake daga shekaru, nauyi, tsawo da bugu. Abin da ke damuna shi ne mutum ya ga agogo ya rubuta 500, ya ce ya samu lasisin ƙarin malmalar tuwo da lemon kwalba, wata uku su wuce teɓa na nan. Ki bar ma'aunin nauyi da awon ƙugu su faɗa miki gaskiya.

Ga yadda za ki amfana da lambar bugun. Ana cire shekaru daga 220 don kimanta iyakar bugu, naki 180 ke nan, ko da yake kiyasi ne kawai. Matsakaicin motsa jiki yana tsakanin kashi 50 zuwa 70 na wannan, wato 90 zuwa 126 a minti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na irin wannan a mako. In kina shan maganin hawan jini irin atenolol, shi da kansa yana rage bugu, don haka wannan lissafin ba naki ba ne sai likita ya gyara miki. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, ki tsaya nan take, komai agogo ya nuna.

Tambaya: Na sayi agogo mai araha a kasuwa, an ce yana auna hawan jini da sukari. In yarda da shi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka kuskura. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari da ya daidaita magani da irin wannan lamba yana wasa da ransa. Hawan jini ma a auna shi da na'urar da ake naɗawa a dantse.

Bugun zuciyar ma ka gwada shi. Ka zauna, ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka duba da abin da agogon ya ce. Sannan ka hau bene da sauri ka sake dubawa. In lambar na nan a saba'in da wani abu kana haki, mayar wa mai shago kayansa.