Ɗan Baffana Ya Ce In Taho Jamus, Aiki da Ɗaki Suna Jirana

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne, shekarata 11 a sana'ar, ina da shago da yara masu koyo. Ɗan baffana da ke Jamus ya ce in sayar da injina in saki shagon, in nemi bizar ziyara in taho. Ya ce wani mai kamfani ya yi masa alkawarin zai ɗauke ni, kuma a ɗakinsa zan zauna har in kama nawa. A cewarsa cikin shekara 2 zan buɗe wurin kaina. Nawa ya kamata in riƙe a hannu na haya da cefane kafin albashin farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan zo kan lissafin, amma na karanta wasiƙarka ina neman takarda ɗaya tak da ke ɗauke da sunanka, ban samu ba. Aikin, ɗan baffanka ne ya ce. Ɗakin, shi ya ce. Shagon da za ka buɗe, shi ya ce. Za ka sayar da abin da ka yi shekara 11 kana ginawa a kan maganar baki ta mutum ɗaya, wanda ba shi ne mai kamfanin ba, ba kuma shi ne mai gidan ba. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma shi ne kuskurenka.

Ban ce ɗan'uwanka maƙaryaci ne ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake maganar. Sai dai ya yi maka alkawarin abubuwa biyu da ba su hannunsa.

Fara da bizar. Bizar ziyara ta Shengen, wato ta shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai, kwana 90 ce a cikin kowane kwana 180, kuma ba ta ba ka izinin aiki. A ƙa'ida ba a juya ta ta zama ta aiki bayan ka shiga, gida ake komawa a nemi wadda ta dace. To mai kamfanin da zai ɗauke ka a kan wannan bizar, wane irin mai kamfani ne? Ko dai bai san da wace takarda za ka zo ba, ranar da ya gani ya ce ka yi haƙuri, ko kuwa ya sani sarai, yana neman wanda zai biya rabin kuɗi ba tare da tsoron ƙara ba. Wani mai gyaran lantarki ya taɓa kawo mini irin wannan magana tun kafin ya tafi, ya ƙi jin shawara. Ya yi watanni yana aiki a ɓoye, ya faɗo daga tsani ya karya hannu, ba inshora. Mai aikin ya ce bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya gayyace shi kuwa ya daina ɗaga waya, don shi ma takardar zamansa ba ta da ƙwari, yana tsoron a haɗa da shi. Mutumin ya dawo ba kayan aiki, ba shago, ga bashin tikiti.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙofar halak a buɗe take. Jamus na neman masu sana'ar hannu, shi ya sa ta yi dokar shigowar ƙwararru da ta fara aiki a watan Maris na 2020, ta kuma ƙara sassauta ta daga baya. Tun Yunin 2024 akwai katin neman aiki da suke kira Chancenkarte, wanda zai ba ka damar zama har shekara 1 kana neman aiki, kana ɗan taɓa aikin sa'a 20 a mako. Amma dubi sharuɗɗansa: shaidar koyon sana'a ta aƙalla shekara 2 wadda hukumar ƙasar da ka koya ta amince da ita, da shaidar ka fara jin Jamusanci ko ka iya Turanci sosai, da hujjar kana da abin ciyar da kanka, sama da yuro 1,000 a kowane wata. Duk takardu ne. Ba inda aka rubuta "ɗan baffa".

Shi ya sa nake tambayarka: shekarun nan 11, me ka ajiye da zai nuna su? Kana da satifiket na makarantar koyon sana'a? Kana da rasit na kwangilolin da ka yi, ko wasiƙa daga waɗanda ka yi wa aiki, da kwanan wata da sa hannu? Idan a hannun maigida ka koya ba takarda, hannunka na iya fin na mai satifiket, amma jami'in biza ba zai ga hannunka ba. A can ma mai walda sai ya ci jarrabawar gwaji ta ISO 9606 kafin a bar shi ya taɓa aikin da ke ɗaukar nauyi. Wanda ba shi da satifiket yana da hanya, ita ce ya nemi gurbin koyon sana'a a kamfani, ana biyansa ɗan alawus, shekara 2 zuwa 3 da rabi, kuma galibi sai Jamusancinsa ya kai matakin B1, wato matsakaicin iyawa. Na san babban mutum mai yara a shago zai ji nauyin komawa ɗan koyo. Ka auna wannan nauyin da na zama a ɓoye.

Batun buɗe wurin kanka cikin shekara 2 kuma, ka cire shi daga lissafi. Aikin ƙarfe na gini yana cikin sana'o'in da dokar Jamus ke neman shaidar Meister, wato babban gwani, kafin mutum ya buɗe nasa. Wanda ya gaya maka shekara 2 bai bincika ba.

Yanzu ɗaki. A Jamus dole ka yi rajistar adireshinka a hukuma cikin mako 2 da tarewa, kuma ba za a yi maka ba sai da takardar tabbaci daga wanda ya ba ka masaukin. Bayan rajistar ne lambar harajinka ke zuwa, kuma da ita za ka fi samun sauƙin banki da sauran hidimomi. Ɗan baffanka ɗan haya ne, ba zai saka wani a gidan na dogon lokaci ba sai da yardar mai gida. Ya tambaye shi? In bai tambaya ba, kwanan da za ka yi a can zai iya jawo masa asarar gidan. Na ga zumunci da yawa ya lalace a daidai nan: wata na farko ana dariya, wata na uku ana ƙirga wa baƙo wanka da wuta.

Kama naka kuma ba a kwana biyu ake yi ba. Masu gida sukan nemi takardun albashi na wata 3 da rahoton SCHUFA, mai nuna ko kana biyan bashi, kai kuwa baƙo ba ka da ko ɗaya. Doka ta yarda su karɓi kuɗin ajiya har na hayar wata 3, kodayake kana da damar raba biyan sau 3. Kuɗin da za ka gani a talla sau da yawa na ɗakin ne zalla, na ɗumama gida da ruwa da shara daban suke hawa, lantarki ma daban. Gidaje da yawa ko kicin ba su da shi, kai za ka saka. Sabon zuwa ya fi dacewa da ɗaki a gidan haɗaka, ko masaukin da kamfani ya tanada kuma ya rubuta a kwantiragi. Ka kuma bi aikin zuwa inda haya ke da dama, garuruwa irin su Duisburg ko Chemnitz, ka bar Munich da Berlin ga masu ƙarfi. Duk wanda ya turo maka hoton gida ya ce ka aiko kuɗi ya aiko makulli don yana wata ƙasa, ɗan damfara ne.

Ga lissafin da ka nema. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 12.82 ne a sa'a, wato wajen 2,200 a wata ga mai cikakken aiki, abin da zai shigo hannu bayan haraji da inshora kamar 1,600. Mai walda mai takarda zai fi haka, amma da wannan za ka yi lissafi. Ka cire ɗaki da cefane da mota da waya, sai ka ga abin da zai rage na aikowa gida. Ni a ganina kada ka tashi sai kana da kuɗin zaman wata 3 da na ajiyar ɗaki da na tikitin dawowa, wajen yuro 5,000 zuwa 6,000, ko da kwantiragi na hannunka. Kuɗin kuma kada ya fito daga sayar da injin. Ka bar shagon a hannun babban yaronka da yarjejeniya a rubuce da shaidu, da littafin shiga da fita.

A wannan makon ka roƙi ɗan baffanka abu uku: cikakken sunan kamfanin da adireshinsa, tayin aiki a rubuce da sunanka da albashi da sa'o'i, da amincewar mai gidansa a rubuce. Kai da kanka ka rubuta wa kamfanin, ka kuma duba sharuɗɗan sana'arka a shafin gwamnati na Make it in Germany. In ya kawo, mu zauna mu duba. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ba shi haƙuri da ladabi, ka ce ofishin jakadanci ne ke nema. Kafin nan ka shiga ajin Jamusanci, injinka kuma ya ci gaba da aiki.