Alhaji, kafin ka ci bashin ƙaro shanu, leƙa turken maruƙanka

Wani Alhaji mai sayar da kindirmo da yogot daga wajen Zariya ya turo min tambaya, yace shanunsa 9 ne ruwa biyu, bana sun haifi maruƙa 7 amma 3 sun mutu da zawo tun basu cika wata ba, yanzu yana so ya karɓi bashin banki ya ƙaro shanu 4 don ya cike gurbi, wai ya nake gani?

Toh Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma gaskiya ni dai ban goyi bayan bashin nan ba a yanzu, don in ka ƙaro shanun a wannan turken zasu haihu, abinda ya ci na farko shi zai ci na baya, ga banki kuma yana jiran kuɗinsa ƙarshen wata.

Zauna kayi lissafin maraƙi ɗaya tukuna. Wata 9 saniya tana ɗauke da ciki kana zuba mata dusa da ƙuli da harawa, in mace ta haifa ai karsana ce da zata zama saniyar tatsa nan da shekara 3 ba tare da kaje kara ka saya ba, in namiji ne kuɗi ne a ajiye. Sannan shanunmu masu jinin Bunaji ko Bokolo da yawansu basa sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa, yana mutuwa zaka ga nono ya ja baya, wata ma ta ƙafe gaba ɗaya. Kaga asara biyu kenan a rana ɗaya, kuma ta biyun ita ke taɓa cinikinka na kullum.

Abinda nake so ka tuno shine kwanansu nawa lokacin da zawon ya kama su. In tsakanin sati 1 zuwa 3 ne, kashin ruwa-ruwa rawaya, ido ya faɗa, ka ja fatar wuya ta ƙi komawa da wuri, galibi wata ƙwayar cuta ce a hanji da likitoci ke kira kirifto. In ya wuce sati 3 kuma akwai jini yana ta yunƙuri kamar zai fitar da hanjinsa, wannan koksidiya ce, irin dangin wadda masu kaji suka sani. Akwai kuma doguwar tsutsa fara kamar taliya da maraƙi ke samu ta nonon uwarsa, ciki ya kumbura gashi ya tashi. Kowacce da maganinta, kuma anan mutanenmu ke zubar da kuɗi wallahi, a ruga kemis a sayo maganin tsutsa albendazol ko allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake kira LA a ɗirka, alhali ko ɗaya baya kashe kirifto. Ka sa likitan dabbobi ya ɗebi kashin ya duba a madubin likita, kai da kake kusa da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da asibitin dabbobi na ABU ai baka da uzuri.

Inda zaka sa kuɗinka kuwa, na farko dakashi, wato nonon farko da saniya ke fitarwa bayan haihuwa. Maraƙi ya sha ya ƙoshi cikin awa 6 da haihuwa, kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, don bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina ɗaukar kariyar da ke ciki. Ka ja kunnen yaronka mai tatsa, a kwanakin farko nonon na maraƙi ne ba na robar kasuwa ba.

Sai wurin kwana. Ka ware ma jarirai wuri mai tudu da rana ke shiga, a kwashe kashi kullum, a canza shimfiɗa, kada a haɗa su da manyan maruƙa, wanda ya fara zawo a cire shi da kwanonsa daban. Hypo bata yiwa ƙwan kirifto komai, tafasasshen ruwa da bushewa su yake tsoro, shi yasa da damina abin yafi ƙamari. Wanda ya kamu kuma rashin ruwa a jiki ke kashe shi, a dinga bashi ruwan gishiri da sukari na dabbobi tsakanin shan nono, kada a yanke masa nonon.

Wani abu da ya dame ni, kai abinci kake sayarwa, kuma kirifto tana kama mutane musamman yara. Hannun da ya goge gindin maraƙi mai zawo kada ya shiga bokitin tatsa sai an wanke da sabulu, kuma ka dafa madararka sosai kafin ka haɗa yogot.

Ka sayi ɗan littafi ka dinga rubuta ranar haihuwa, ranar zawo, abinda aka kashe. In haihuwa ta gaba ta zagayo maruƙanka suka tsallake wata 3 lafiya, dawo da littafin mu zauna kan maganar bashin, lokacin ma zaka san shanu nawa turken zai iya ɗauka.