Tambaya da Amsa: Wane fim ɗin Dark Shadows zan fara kallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kalli fim ɗin Dark Shadows na Johnny Depp, sai wata ƙawata ta ce min wai asalinsa tsohon shirin talabijin ne kuma akwai wasu finafinan kafin wannan da suka fi shi ban tsoro. Da gaske ne? In da gaske ne wanne zan fara nema? — Wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, ƙawarki ta faɗa miki gaskiya. Dark Shadows shiri ne mai dogon zango da Dan Curtis ya ƙirƙiro, tashar ABC ta Amurka ta riƙa nuna shi da rana daga 1966 har 1971, kashi 1,225 cif. Labarin dangin Collins ne da ƙaton gidansu Collinwood a wani gari na bakin teku a jihar Maine, irin gidan nan mai ɗakuna a kulle da hotunan kakanni a bango da maƙabartar dangi a can baya. Da farko shirin bai ja mutane ba har ana maganar dakatar da shi, sai a 1967 aka shigo da Barnabas Collins, bamfaya mai shan jini da aka ɗaure da sarƙa a cikin akwatin gawa kusan shekara 200, wani ɓarawo Willie Loomis ya je neman gwala-gwalai ya buɗe shi. Jonathan Frid ne ya fito a Barnabas, kuma shi ya ceci shirin, yara ma da gudu suke dawowa daga makaranta don kar ya wuce su.

To ki fara da House of Dark Shadows na 1970. Curtis ne ya ba da umarni da kansa, da 'yan wasan talabijin ɗin, an ɗauke shi a tsohon gidan Lyndhurst da ke Tarrytown a jihar New York, shi ya sa gidan yake da rai, kina jin sanyin wurin tun daga allo. Amma fa ki sani Barnabas na fim ba shi ne na talabijin ba. A talabijin an ba shi watanni yana nadama yana ƙin abin da ya zama, har mai kallo ya fara tausayinsa ya manta mugu ne, a fim kuwa babu wannan lokacin, awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci ne kacal, sai aka mayar da shi mugu sak, yana bin danginsa ɗaya bayan ɗaya, ga jini da talabijin na rana ba zai taɓa yarda a nuna ba. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda Dokta Julia Hoffman take masa allurar magani don ya dawo mutum, kishi ya kama ta saboda wata yake so, ta ƙara masa allurar, nan take ya tsufa fuska duk ta yamutse. Wallahi wannan wurin har yau yana sa tsigar jiki ta tashi.

Na biyu Night of Dark Shadows ne na 1971, babu Barnabas a ciki, labarin Quentin Collins ne da fatalwar mayya Angelique. Kamfanin MGM ya tilasta a yanke fiye da rabin awa daga cikinsa a gurguje, don haka in kin ga labarin yana tsalle-tsalle ba ke ce ba ki gane ba.

Shi kuwa na Tim Burton na 2012 da kika gani, ni a ganina barkwancin ya yi masa yawa, Barnabas yana mamakin duniyar 1972 ana dariya, alhali abin da ya riƙe shirin tun asali shi ne baƙin cikin mutumin da ya rasa masoyiyarsa Josette ya kasa mutuwa ya kasa hakura. Frid ya ɗan leƙo a fim ɗin a wurin liyafa, ya rasu a Afrilun 2012 kafin fim ɗin ya fito. In na 1970 ya yi miki, ki nemi shirin talabijin ɗin ki fara daga inda Willie ya buɗe akwatin, kashi na 210.