Amsa ga ƙanenmu mai keken gwanjo: kar ka sayi komai tukuna

Wannan muryar Yaya ce da ya turo daren jiya a zaurenmu na mahaya keke na Jos. An rubuta ta saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena, na ji muryarka tun da la'asar, ina shago ne da mutane shi ya sa sai yanzu. In na fahimce ka daidai, ka ce wata biyu ke nan da ka sayi keken hawa dutse na gwanjo, ka fita da shi wajen Lamingo sau huɗu ko biyar, yanzu cen yana kuka, giya tana tsalle in ka taka da ƙarfi a hawa, birkin gaba kuma sai ƙara, ba ya kamawa. Ka kai shi wajen wankin mota an fesa masa ruwa, ka zuba masa baƙin mai, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Kana tambaya ko ka canza kayan giyar gaba ɗaya. To riƙe kuɗinka tukuna. Wallahi na fi zaton abin da ke damun keken nan, tsumma da tsohon buroshi za su magance rabinsa.

Bari in fara da baƙin man nan, don shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ka ga lokacin da muke ciki, hunturu ne, ƙura ko'ina. Ƙasarmu ta nan kuma ja ce mai tsakuwa, ga yashin duwatsu, ga ragowar ƙasar da aka tono zamanin haƙar kuza. Baƙin mai yana da kauri da danƙo. Da ka zuba shi a cen, duk ƙurar da tayar gaba ta watso sai ta manne, ta cakuɗe da man, ta zama wani baƙin kwaɓi. Kwaɓin nan aikin samfefa yake yi. Kana taka feda, yana cin ƙusoshin cen daga ciki, yana cin haƙoran baya, yana cin na gaba. Kai kana ganin ka kyautata wa keke, alhali niƙa shi ake yi a hankali. Duwatsun Shere ba sa kashe keke da saurin da wannan kwaɓin ke kashe shi.

Ga abin da za ka yi gobe da safe. Sami ɗan kananzir a gwangwani da tsohon buroshin goge baki. Ka goge cen ɗin gaɓa-gaɓa, ka goge haƙoran baya, ka kankare dattin da ya taru a ƙananan tayoyin nan biyu na hannun giya, za ka ga ya daskare kamar kwalta. Amma ka rufe faifan birki da leda kafin ka fara, kar ɗigo ɗaya ya taɓa shi. Bayan nan ruwan omo, sai ruwa mai tsabta, sai ka shanya shi ya bushe sarai. Sannan mai. Ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, daga ta ciki, kana juya feda baya a hankali. Ka ba shi 'yan mintuna ya shiga, sai ka ɗauki busasshen tsumma ka goge duk wanda ke waje. Ka ji wannan da kyau: man da ke aiki shi ne wanda ya shige cikin gaɓar, wanda ido ba ya gani. Wanda ke ƙyalli a waje, ƙura kawai yake kira. Cen mai lafiya in ka shafa shi da yatsa, ɗan danshi za ka ji, hannunka ba zai yi baƙi ƙirin ba.

Man cen iri biyu ne. Akwai na rani, mai ruwa-ruwa, wanda ke bushewa ya bar santsi, shi ya dace da mu daga Nuwamba zuwa Maris. Akwai na damina, mai ɗan kauri, wanda ruwa ba ya wanke shi da wuri, shi kuma daga Afrilu zuwa Oktoba. In ba ka samu ko ɗaya ba, man keken ɗinki ya fi baƙin mai sau goma, sai dai ba ya daɗewa, kusan duk fita sai ka goge ka sake sawa. Man feshin nan WD-40 kuwa na kwance noti mai tsatsa ne da korar ruwa, ba ya zama a madadin man cen.

Yawwa, sai maganar tsallen giya. Tsalle iri biyu ne, kuma ka lura da wanne naka yake yi. In cen yana ƙaura da kansa daga wannan haƙori zuwa na kusa da shi, yana kacau-kacau, to saiti ne. Ko wayar giya ta saki, ko ƙura ta cika bututun da take bi, ko kuma ɗan ƙarfen nan da ke riƙe hannun giya a jikin firam ya lanƙwashe. Da gangan aka yi shi da taushi, don in an faɗi shi ya lanƙwashe a madadin firam. Tsaya ta bayan keken ka duba, hannun giya ya kamata ya sauko a miƙe, kar ya karkata wajen taya. Shi ya sa kullum nake ce muku in za ku kwantar da keke a ƙasa, ku kwantar da shi ta hagu, ɓangaren cen yana sama.

In kuwa cen yana zamewa ne a kan haƙori ɗaya, ka ji fedar ta tafi fayau lokacin da ka miƙe ka taka, to cin ƙarfe ne. Wannan ana aunawa, ba a yin kintace. Ɗauki rula mai inci. Tsakanin ƙusa da ƙusa a cen rabin inci ne cif. Ɗora sifiri a tsakiyar wata ƙusa, ka duba wajen inci 12, ya kamata ya faɗa a tsakiyar wata ƙusar daidai. In ƙusar ta wuce layin da kamar milimita ɗaya da rabi, canza cen yanzu, haƙoranka sun tsira. In ta wuce da milimita 3, to an makara, haƙoran baya ma sun ci, kuma in ka sa musu sabon cen sai tsallen ya fi na da. Dole a canza su tare. Ka ga dalilin da na ce kar ka yi gaggawar saye. Kuma kafin ka je kasuwa ka ƙirga jerin faya-fayan haƙoran bayanka, wato giya nawa ce a baya. Mai 6 da mai 7 da mai 8 cen ɗaya suke amfani da shi, amma daga 9 zuwa sama kowanne da faɗin nasa.

Wankin mota kuma, don Allah kar ka sake. Ƙarfin ruwan injin nan yana kutsawa ta bayan robar da ke kare boris, ya wanke giris, ya bar ruwa a ciki. Ba za ka ji komai ba a ranar. Bayan sati uku sai ka ji tsakiyar feda tana gurnani, ko taya tana girgiɗi. Bokiti ɗaya da soso ya ishi keke.

Birkinka, ina kyautata zaton mai ne ya fantsama a kan faifan, ko lokacin wankin ko lokacin da ka zuba baƙin man. Sayi sifirit a kemis, ka goge faifan da sabon tsumma, kar ka ƙara taɓa shi da hannu. Ciro fad ɗin ka duba. In saman ne kawai ya yi ƙyalli, goga shi kaɗan a kan samfefa mai laushi. In ya sha mai sosai, ko naman da ya rage bai kai milimita ɗaya ba, jefar da shi. Sabon fad kuma ba ya kamawa nan take, sai ka sami wuri mai sarari ka ɗan yi gudu ka matse a hankali, kamar sau ashirin, kafin ka tunkari gangare.

Akwai abin da ya same ni da ba na so ya sami kowa a gidan nan. In birkinka na mai ne, ba na waya ba, ka karanta abin da aka rubuta a jikin hannun birkin. Na kamfanin Shimano man ma'adini yake sha, wato mineral oil, nasa na musamman. Da yawa daga na kamfanin SRAM kuma man birkin da ake kira DOT suke sha, irin na mota. Ba a haɗa su, ba a musanya su. Shekarun baya na kai nawa wajen wani mai gyara, da kyakkyawar niyya ya ɗura mini man birkin mota a Shimano. Robobin ciki suka kumbura. Ina cikin gangarowa a bayan Naraguta na matse, hannun birkin ya tafi har jikin kan keke ba abin da ya kama. Allah ne ya tsare, na baya ya riƙe ni. Tun daga ranar nake tsayawa a kan duk wanda zai taɓa mini birki.

Af, tunda keken gwanjo ne, ka tabbatar wane hannu ne na gaba. Waɗanda suka fito daga Ingila birkin gaba a dama yake, kamar na babur. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai a hagu yake. Mu da muka saba da babur, wannan yana kayar da mutum. In ka ari keken wani ma, matsa ka gani kafin ka hau.

Taya. Masu faci sun saba da na mota da na babur, sai su ɗura maka iska taya ta yi tauri kamar dutse. A kan kwalta ba laifi, amma a kan tsakuwa sai keken ya riƙa tsalle yana zamewa, hannunka ya yi tsami. Mai matsakaicin jiki irinka, da tub a ciki, fara da 30 a baya, 27 ko 28 a gaba, a ma'aunin PSI na jikin famfo. In ka rage da yawa kuma, ka daki bakin dutse, rim zai tsinke tub ɗin, ka ga huda biyu jere da juna. Sayi famfo mai agogo, ya fi maka sabon sirdi amfani. In ƙaya ce ta huda ka, kar ka mayar da tub sai ka bi cikin tayar da tsumma ka ciro ta, in ba haka ba nan da kilomita ɗaya ka sake zama. Sannan ku yi hankali da shingen ƙerana da ake kewaye gonaki da gidaje da shi a ƙauyukan nan. Ban da ƙayar, farin ruwansa in ya shiga ido bala'i ne. Tabarau ba ado ba ne a wurinmu.

Shokozoba ta gaba ba ta son komai sai a goge ƙafafunta biyu masu ƙyalli da tsumma mai laushi bayan kowace fita. Kar ka shafa musu giris.

Hular kwano, wannan ba na sassauci a kai. Ta keke, mai huji-huji, a ɗaure igiyar a haɓa. Ba ta masu gini ba. In ta taɓa dukan ƙasa da kanka a ciki, ta gama aikinta ko da ba ka ga tsagewa ba, shi ya sa ma nake ɗari-ɗari da hular gwanjo, ba ka san tarihinta ba. Sai safar hannu. A jaka kuma tub ɗaya, faci, ƙaramin famfo, alanki lamba 4 da 5 da 6, da gaɓar cen ta gaggawa daidai da naka.

Yadda kake hawa ma yana cikin abin da ke cinye kaya. Na lura da ku matasa, sai kun shiga tsakiyar hawa, ƙafa ta yi nauyi, sannan ku danna giya da ƙarfi, a ji ƙarar ƙarfe ƙaras. Nan ne cen ke tsinkewa. Canza tun kana hango tudun, in kuma dole ka canza a ciki, sassauta ƙafa na daƙiƙa ɗaya. Kar ka haɗa babban haƙorin gaba da babban na baya, cen yana karkacewa. A gangare tashi daga sirdi, fedoji a daidaita, gwiwa da hannu a sake, ka ɗan ja jiki baya, yatsa ɗaya a kan kowane birki. Ka dubi inda kake son bi, kar ka ƙura wa dutsen da kake tsoro ido, don inda ido ya je nan taya ke zuwa. Kar ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, faifan zai yi zafi ya daina kamawa. Matsa, saki, matsa. Sirdi kuma, ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai, wannan ne tsayinsa.

Garin nan namu yana sama da mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura 1,800. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Abuja in sun zo sukan yi haki a ranar farko. Sanyin kuma yana ɓoye ƙishirwa, ga iskar hunturu tana busar da jiki, don haka ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba. In damina ta sauka, dutsen da ke riƙe taya yau zai koma santsi, kuma da ka ga hadari ya haɗu kana sama, sauko, tsawa ba ta wasa a kan tsauni. Kududdufan kuza na wajen Rayfield da Bukuru, komai zafin da ka ji kar ka shiga, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani.

Kuma ƙanena, na ji ka ce kai kaɗai kake fita. Wannan ya dame ni fiye da maganar cen. Mu fita aƙalla mu uku, a faɗa wa gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a tambayi mutanen yanki halin da hanya take ciki kafin a shiga. In mun ratsa ƙauye mu rage gudu mu yi gaisuwa, kar mu taka kunyar dankalin mutane, in mun haɗu da shanu mu tsaya su wuce. Mutanen nan su ne za su ɗauke ka ranar da ka faɗi.

Yanzu ka ɗauko mini hoto biyu ka turo nan: hannun birkin ta inda rubutu yake, da haƙoran baya daga kusa. Ranar Asabar bayan sallar asuba ka zo da keken mahaɗarmu, ka taho da rula da tsumma, mu auna cen ɗin tare kafin mu tashi. Ka sa rigar sanyi. Sai da safenku.