Aiki ya jefa ni cikin ciwon damuwa a Jidda, me doka ta tanadar mini?

Wani ɗan'uwa mai aiki a rumbun ajiyar kaya a Jidda ya rubuto cewa awa 12 yake yi kullum, shugabansa kuma yana ci masa mutunci a gaban jama'a, har barci ya ƙaurace masa, likita ya tabbatar ciwon damuwa ne, yanzu yana tunanin ya daina zuwa kawai.

Malam, Allah ya ba ka lafiya, amma kada ka daina zuwa ba takarda a hannu, domin sashe na 80 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ba kamfani damar korar wanda ya haura kwana 15 a jere bai zo ba babu uzuri, ba tare da kuɗin sallama ba, ga kuma rahoton guduwa da kan jefa iƙama, wato takardar izinin zama, cikin matsala. Ka fara da karɓar hutun rashin lafiya daga asibitin da hukuma ta amince da shi. Sashe na 117 ya ba ka kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai 30 babu albashi, sashe na 82 kuwa ya hana a sallame ka saboda ciwo kafin wannan hutu ya ƙare.

Abin da ke da wuya shi ne gamsar da alƙali cewa aikin ne ya haifar da ciwon, don lauyan kamfani zai ce kewar gida ce ko bashi, kuma a ganina ba nan ya kamata ka jingina ƙararka ba. Ka jingina ta ga abin da ake iya ƙirgawa: doka ta ƙayyade awa 8 a rana ko 48 a mako, duk awar da ta ɗoru a kai kuma ana biyanta da ƙarin kashi 50 cikin 100. Ka adana jadawalin aiki, da saƙonnin WhatsApp na zagin, da rahoton likita, waɗanda su ne kuma hujjarka idan ka zaɓi sashe na 81, wanda ya halatta barin aiki ba sanarwa saboda wulaƙanci, haƙƙoƙinka na nan daram.

Ana fara kai koke sashen sulhu na ma'aikatar da ke kula da harkokin ƙwadago, idan an kasa daidaitawa cikin kwanakin aiki 21 a tura shi kotun ƙwadago, kuma wata 12 kake da shi na shigar da ƙara bayan rabuwa da kamfanin. Direban gida da 'yar aikin gida, su tsarinsu daban ne.