Shin zubewar haƙora na kawo mantuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, turamenta duk sun zube. Ta daina cin nama da goro, sai koko da tuwo mai laushi. Ga shi kwanan nan mantuwa ta yi mata yawa. Wata maƙwabciyarmu ta ce rashin haƙoran ne ya jawo. Da gaskiya a maganar? Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, sai dai kada ki tsaya a kanta kaɗai.

Kowane haƙori na zaune ne a cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa suna riƙe da saiwarsa. A cikinsu akwai ƙananan jijiyoyi masu jin nauyin tauna, shi ya sa ɗan tsakuwa a cikin wake da shinkafa ba ya ɓoye miki. Saƙon yana bin jijiya ta 5 daga cikin jijiyoyi 12 na kai har ƙwaƙwalwa. Haƙori ya fita, waɗannan zaruruwan sun tafi ke nan. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jini na ƙara gudana a wasu sassanta lokacin tauna, kuma a gwajin da aka yi da ɓeraye a Japan, waɗanda aka cire wa turame sun fi saurin manta hanya, sashen da ke adana tunani ya raunana.

A 2021 masana a Jami'ar New York ta Amurka sun tattara bincike 14 da ya shafi mutum sama da 34,000. Masu yawan giɓi sun fi haɗarin raunin tunani da kusan ninki ɗaya da rabi, amma ga masu sa haƙoran roba bambancin bai fito fili ba. A lura, wannan alaƙa ce kawai, ba hujjar cewa giɓin ne ke jawo mantuwa ba. Mai fama da mantuwa kan daina kula da bakinsa, don haka wani lokacin mantuwar ce ke fara zuwa kafin haƙoran su zube.

Abin da ya fi damunmu a batun Mama shi ne abinci. Wanda ya bar nama da kifi na iya rasa sinadarin bitamin B12, kuma ƙarancinsa kaɗai kan rikita tunani, alhali yana da magani. Ki kai ta a auna jininta, a duba suga da hawan jini da kuma jin kunnenta. A niƙa mata nama a miya, a ƙara ƙwai, kifi da alale.

Sannan ta ga likitan haƙori, akwai sashensu a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Haƙori 20 masu aiki sun isa tauna, ƙasa da haka a yi maganar na roba. A cire na robar da dare a wanke, in suna gurje dasashi a mayar a gyara, kada a kankare su a gida. Ragowar haƙoranta kuwa a goge da man goge baki mai sinadarin fuloraid sau 2 a rana, minti 2, asuwaki ya zama ƙari. Dasashi mai zubar da jini ma a nuna wa likita.

Duk wanda ya ce miki gyaran muƙamuƙi ko wata roba ta baki za ta warkar da mantuwa, riƙe kuɗinki.