Yaya ake gane ko bayanin da aka yi wa mai ciwon daji ɗan Poland ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon daji na wani asibiti a Ingila. Muna yawan samun majinyata 'yan Poland, wasu Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Muna ba su takardun bayani da aka fassara zuwa harshensu, wani lokaci da tafinta. Shugabarmu ta ce in bincika ko bayanin yana da inganci. Ta ina zan fara, kuma shin akwai ma'aunin irin wannan abu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ma'auni akwai shi. Ba kuma ke kaɗai ke wannan fama ba, domin a ƙidayar 2021 Polanci ne ya zo bayan Turanci da Welshanci a Ingila da Wales, mutum sama da dubu 600 suka ce shi ne babban harshensu.

Abin da aka fi sani a wannan fanni shi ne takardar tambayoyi mai suna QLQ-INFO25, ta ƙungiyar EORTC mai binciken ciwon daji da ke Brussels a Beljiyam. An wallafa sakamakon gwajinta na ƙasashe da dama a 2010, kuma masu bincike a birnin Krakow sun gwada fassararta ta Polanci a kan majinyata. Tambayoyi 25 ne, majinyaci ke cikewa da kansa. Huɗu a kan cutar, uku a kan gwaje-gwaje, shida a kan magani, huɗu a kan sauran hidimomi kamar taimakon masu kwantar da hankali. Ragowar takwas kowacce zaman kanta take yi, ciki har da ko an ba shi bayani a rubuce, ko ya gamsu, ko yana son ƙari, ko kuwa da ma an rage masa. Yawancinsu amsa huɗu gare su, masu lamba 1 zuwa 4: ko kaɗan, kaɗan, da dama, sosai.

Lissafin ba wuya. A ce wani dattijo ya amsa tambayoyin cutar da 2, 3, 2, 1. Matsakaicinsu 2 ne. Ki cire 1, ki raba da 3, ki ninka da 100, ya tashi da maki 33 cikin 100. Idan kika tara na mutum talatin ko arba'in, za ki ga inda sashenku ke da rauni. Kada ki yi mamaki in ɓangaren gwaje-gwaje ya yi sama, na sauran hidimomi ya yi ƙasa. Mu likitoci mun iya bayanin hoton da aka ɗauka, amma wanda zai kula da mutum idan ya koma gida sai mu bar wa wani.

Ki nemi fassarar daga ƙungiyar, kada ki sa tafintan asibiti ya yi miki tasa. Ka'idarsu ita ce mutum biyu 'yan asalin harshen su fassara kowa daban, a daidaita su zama ɗaya, wasu biyu su mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta goce, sannan a gwada a kan majinyata 10 zuwa 15. In kika canza kalma ɗaya, makinki ya daina kwatantuwa da na kowa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan takarda tana auna yawan bayanin da majinyaci yake jin an ba shi ne, ba ta auna ko ya fahimta. Mutum na iya zaɓar "sosai" daga sama har ƙasa saboda likitan ya yi masa fara'a, ya tafi gida yana zaton maganin da ake ba shi don rage raɗaɗi na warkarwa ne. Shi ya sa ni ban yarda a tsaya a kanta ita kaɗai ba.

A Polanci wannan matsala tana da kaifi, saboda kalmomin da ake kiran cutar da su. Akwai rak, wadda ita ce kai tsaye, kamar mu ce sankara. Akwai nowotwór, kalmar likitoci, wadda kan iya zama mai illa ko marar illa, sai an ƙara złośliwy kafin ta tabbata daji ce. Akwai guz, wato ƙari ko kumburi, sai kuma zmiana, wadda ma'anarta kawai "canji". Ki duba yadda abin ke kasancewa a ɗakin ganin likita: likita ya faɗi sunan cutar ƙarara da Turanci, 'yar majinyacin da ke yi masa tafinta ta dubi mahaifinta, ta ce masa an ga zmiana a huhu. Ba ƙarya ta yi ba, tausayi ne, kamar yadda a gida za a ce wa tsoho "ɗan ƙari ne, Baba, za a cire". Dattijon zai gyaɗa kai ya yi godiya, ya kuma ba ku maki mai kyau.

Tsofaffi da yawa sun taso ne a inda ake ɓoye wa mara lafiya mummunan labari a gaya wa iyalinsa. Har yau dokar aikin likita ta Poland ta 1996 ta ba likita dama, a yanayi na musamman idan cutar ta yi nisa, ya taƙaita bayani in ya ga haka ya fi wa majinyaci alheri, sai dai idan majinyacin ya nema dole a gaya masa. Dokar haƙƙin majinyata ta 2008 kuma ta ce bayani ya zama mai sauƙin da mutum zai gane. Saboda haka tambayar nan ta "da ma an rage min bayani" ki ba ta muhimmanci, kada ki ɗauki yawa a matsayin inganci.

Abu na biyu da za ki auna shi ne takardun kansu. Don sahihancin abin da ke ciki akwai DISCERN, tambayoyi 16 da aka tsara a Oxford, kowacce maki 1 zuwa 5: an faɗi amfanin magani da illarsa, an faɗi abin da zai faru in ba a yi maganin ba, an nuna inda aka samo bayanin da lokacin da aka rubuta shi? Don sauƙin karatu, kada ki ɗora ma'aunin Turanci a kan Polanci, kalmominsu dogaye ne. Shi ya sa a FOG na Polanci, ma'aunin da ke ƙirga tsawon jimloli da kalmomi, sai kalma ta kai gaɓa huɗu ake lissafa ta mai wuya, maimakon uku na Turanci. Akwai kuma manhajar Jasnopis a intanet, tana ba rubutu mataki daga 1 zuwa 7. Amma na'ura tsawo take ƙirgawa. Za ta ce chemioterapia, wato maganin daji na sinadarai, na da wuya, alhali kowa ya san ta, har sun gajarce ta zuwa chemia. Za ta wuce przerzut mai gaɓa biyu a matsayin mai sauƙi, kalmar da ke nufin cutar ta yaɗu zuwa wani sashen jiki.

Na uku shi ne mafi arha, kuma shi na fi amincewa da shi. Bayan an gama bayani, ta bakin ƙwararren tafinta ba ɗan'uwa ba, ki ce: "Ina so in tabbatar na yi bayani yadda ya kamata. In kin koma gida, me za ki gaya wa maigida cewa likita ya ce?" Ki rubuta abu uku: ta ambaci sunan cutar, ta san manufar maganin, ta san alamar da za ta sa ta bugo waya ko da tsakar dare ne, kamar zazzaɓi bayan an yi mata chemia. Ki ajiye wannan kusa da makinta na INFO25. Waɗanda suka ba ku maki mai yawa amma suka kasa amsa ukun nan, su za ki fara kai wa shugabarku, tare da bayanin wanda ya yi musu tafinta ranar da aka gaya musu sakamako.